Albashi, Jinga ko Kamasho: Da Wanne Za Ka Biya Ma'aikatanka?

Manomin da ya saba ɗaukar 'yan ƙwadago ya san ba kowane aiki ake bayarwa jinga ba. Huɗa da girbi za a iya duba girman gona, a yi ciniki, ka tafi harkarka, domin ido zai nuna maka ko an gama. Amma wanda ya ba da noman fari jinga ya juya baya, bayan kwana goma zai ga ciyawa ta sake tsirowa, don ba nome ta aka yi ba, ƙasa aka ja aka rufe ta. In kuma ya ce biyan yini zai yi, sai ya tsaya a gonar da kansa, in ba haka ba azahar ta yi ba a kai ko'ina ba. Mutanen nan su ne dai na jiya. Yadda ake biyansu ne ya sauya, sai aikinsu ya bi.

Wannan tambayar ce ke gaban mai shagon ɗinki, da mai gidan burodi, da mai kamfanin ruwan leda, da mai makaranta, da ɗan kasuwar da ke da yara biyar a shago. Hanyoyin uku ne: albashi tsayayye a ƙarshen wata, ko jinga wato biya gwargwadon abin da hannu ya fitar, ko kamasho a kan ciniki. Kafin a shiga lissafi, akwai abin da ke ƙarƙashin zaɓin, wato zaton da maigida yake yi wa mutanensa.

A 1960 Douglas McGregor, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya kasa wannan zato gida biyu. Na farko ya kira shi X: ɗan Adam ba ya son aiki, sai an tsaya a kansa, an tsorata shi ko an kwaɗaita masa kuɗi. Na biyu Y: aiki ɗabi'a ce ga mutum, kuma in ya yarda da abin da ake nema zai tsare kansa da kansa, har ya nemi a ƙara masa nauyi. Abin da ya fi amfani a maganarsa shi ne, zaton maigida yakan haifar da irin ma'aikacin da ya zata. Wanda ya kulle komai, ya hana yaro yanke ko da ƙaramar shawara, ba da daɗewa ba zai samu yaron da ba ya motsi sai an ce motsa, sannan ya ce ai dama ya faɗa. Sai dai kada a ɗauka jinga ta masu mugun zato ce, albashi na masu kyakkyawan zato. Akwai mai biyan albashi da ke tsare mutanensa kamar fursunoni, akwai mai ba da jinga saboda ya amince gwani ba ya bukatar mai gadi. Abin da ke raba hanyoyin shi ne yanayin aikin kansa: kuɗin da aka ɗaura a kan ƙidaya yana sayo abin da aka ƙirga ne, duk abin da bai shiga ƙidayar ba kuwa shi zai sha wuya.

Jinga

Cewa jinga na ƙara yawan aiki ba abin musu ba ne. Shaidar da masana suka fi kafa hujja da ita ita ce ta kamfanin Safelite, mai sa gilashin mota a Amurka. Tsakanin 1994 da 1995 kamfanin ya mayar da masu sa gilashi daga biyan awa zuwa biyan kowane gilashi, kuma Edward Lazear na jami'ar Stanford ya bi bayanan. Aikin da kowane mutum ke fitarwa ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Kusan rabin ƙarin daga tsofaffin ma'aikata ne da suka ƙara himma, sauran kuwa daga sauyin mutane: masu nawar aiki sun riƙa barin aikin, masu zafin nama suna shigowa. Kuɗin da ma'aikaci ke samu ya ƙaru da kusan kashi 10.

Masu son jinga sukan tsaya a kan 44 ɗin nan su manta da abubuwan da suka riƙe tsarin. Kamfanin ya bar wa kowa mafi ƙarancin kuɗin awa da ba zai faɗi ƙasa da shi ba. Yana da na'urar da ke rubuta wanda ya sa kowane gilashi. Kuma in gilashi ya dawo da matsala, sake sa shi ba biya. Wato ana ƙirga yawa, ana kuma iya bin sawun aibi har zuwa hannun da ya yi shi. Ka cire ɗaya daga cikin waɗannan, labari ya sha bamban.

Ɗauki shagon ɗinki a watan azumi. Tela mai karɓar kuɗi a kan kowace riga da wando zai kwana kan keke, wannan ba shakka. Amma zai tsallake guga tsakanin ɗinki, zai faɗaɗa tazarar zare don keke ya yi sauri, ba zai bi bakin yadi ya kashe shi ba, aljihu zai fita a karkace. Zai zaɓi yadi mai sauƙi ya ture wa na ƙasa da shi shadda mai taurin kai. Ɗan koyo kuwa ba mai waiwayarsa, domin duk mintin da aka ɓata wajen nuna masa yankan wuya kuɗi ne ya fita daga aljihu. Man keke da share shago ba na kowa ba ne. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke nuna mugun hali. An gaya wa mutum da harshen kuɗi cewa adadi ake so, shi kuma ya ji.

Kuskure mafi tsada shi ne rage farashin jinga. Maigida ya ga gwaninsa ya tashi da kuɗin da ya ninka na sauran, sai ransa ya sosu, ya ce daga wata mai zuwa kuɗin kowace riga ya ragu. Daga ranar ya koya wa shagon duka cewa sauri laifi ne. An ga haka ƙarara a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago, a binciken da aka yi kan wasu ma'aikata 14 masu haɗa wayoyi a 1931 zuwa 1932. Duk da cewa biyansu na bin yawan aiki, su da kansu suka tsayar da iyakar abin da za a yi a yini, suna tsangwamar duk wanda ya wuce ta, saboda tsoron a rage farashi ko a sallami masu rauni a cikinsu. Tsoron ba na banza ba ne. Frederick Taylor, wanda ya shahara da auna aiki da agogo, ya ba da labarin lebura a kamfanin ƙarfe na Bethlehem a Amurka da ya tashi daga loda tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47, amma ladansa daga dala 1.15 zuwa 1.85 kawai ya kai. Aiki ya kusa ninka huɗu, kuɗi ya ƙaru da kashi 60. Ma'aikata sun iya wannan lissafin ko ba su shiga aji ba. Shi ya sa kamfanin Lincoln Electric na jihar Ohayo, wanda ya shafe shekaru da dama yana biyan jinga, ya riƙe ƙa'idar cewa ba a taɓa farashi don mutum ya samu da yawa, sai in hanyar yin aikin ce ta canza.

Sannan akwai ranar da babu aiki. An ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, yadi bai iso ba, Sallah ta wuce kasuwa ta kwanta. A jinga zalla ma'aikaci ne ke ɗaukar wannan asarar, alhali ba shi ya jawo ta ba. Irin wannan lokacin ne gwani ke ɗaukar almakashinsa ya koma shagon maƙwabci.

Kamasho

Kamasho ƙanin jinga ne, sai dai haɗarinsa ya fi faɗawa kan mai saye da kan ribar maigida. Duba lissafi. Kaya ka saro a naira 90,000, kana sayarwa 100,000, ka yi wa yaron shago alkawarin kashi 2 cikin 100 na ciniki, wato 2,000. Mai saye ya matsa, yaro ya sallama a 95,000. Kamashonsa ya koma 1,900, naira 100 kacal ya rasa, kai kuwa ribarka ta faɗo daga 10,000 zuwa 5,000. Ba zai yi gardamar ciniki dominka ba. Da kashi 20 na riba ka yanka masa, a farashin farko 2,000 ɗin dai zai samu, amma ragin zai mayar da shi 1,000, sai ya tsaya ya yi ciniki kamar kayansa ne. Farashin wannan gyara shi ne dole yaro ya san sarinka, abin da 'yan kasuwa da yawa ba sa so. Wanda ba ya so, sai ya kafa farashin da ba a sauka ƙasa da shi ba tare da izininsa ba.

Abu na biyu bashi ne. In ana biyan kamasho da zarar kaya sun fita, za a cika maka littafi da sunayen mutanen da ba za su biya ba. Kamasho ya zama sai kuɗi sun shigo, kayan da aka dawo da su kuma a cire nasu.

Inda abin ya fi muni shi ne aikin da mai saye ya dogara da shawarar ma'aikaci. A 1992 hukumomin Kalifoniya sun zargi garejin motoci na kamfanin Sears da ɗora wa mutane gyaran da motocinsu ba sa bukata, bayan kamfanin ya ɗaura biyan ma'aikata da yawan gyaran da suka sayar, har sai da ya janye tsarin. A watan Satumban 2016 an ci bankin Wells Fargo na Amurka tarar dala miliyan 185, bayan ya bayyana cewa ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan biyu ba da sanin masu su ba, don cika adadin da aka ɗora musu, kuma an kori mutum 5,300. Mutum dubu biyar ba sa zama maha'inta a rana ɗaya, tsarin ne ya tura su. Saboda haka mai kemis da ke biyan yaro kamasho kan magani, ko mai asibitin da ke biya kan yawan gwaje-gwajen da aka rubuta, ya san inda ya dosa.

Masu babur mai ƙafa uku sun san wani ɓangare na wannan. Direban da ke kawo balas kullum, ragowar nasa, zai yi lodi fiye da kima, ya bi ramuka a guje, ya ja lokacin juyen mai, domin lalacewar injin ba a wuyansa take ba. Ka ba shi babur ɗin a kan ya riƙa biya har ya zama nasa, sai ka gan shi yana goge shi da asuba.

Albashi

Albashi yana sayo abin da jinga ba ta iya saya: zama, da natsuwa, da yin ayyukan da ba a ƙirgawa. A 1913 kamfanin motoci na Ford ya ɗauki mutane sama da 50,000 don kawai ya riƙe ma'aikata kusan 14,000, saboda yawan masu shiga suna fita. A watan Janairun 1914 Henry Ford ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya rage awoyi daga tara zuwa takwas, sai guduwar ta ragu ƙwarai. Mutumin da ke karɓar abin da ba zai samu a waje ba yana tsare aikinsa da kansa. Masu ƙananan sana'o'i ba sa lissafa abin da tafiyar ma'aikaci ke ci: makonnin koya wa sabo, kayan da zai ɓata, da kwastomomin da za su bi tsohon.

Amma albashi kaɗai ba ya sa himma. Frederick Herzberg, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya tambayi injiniyoyi da akantoci kusan 200 a binciken da ya fitar a 1959, ya ga cewa abubuwan da ke ɓata wa mutum rai a wurin aiki daban suke da waɗanda ke sa shi ƙwazo. Albashi, da yanayin wurin, da halin shugaba, da dokokin kamfani, in sun lalace ana ƙorafi, in sun gyaru ƙorafi ya tsaya, shi ke nan. Ƙwazo kuwa daga wani wuri yake fitowa: mutum ya kammala abu ya ga kyansa, a san shi ya yi, a danƙa masa amana, ya hango gaba. An soki binciken ta fuskar yadda aka yi tambayoyin, kuma ga wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, kuɗi ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka duk wanda ya taɓa yin ƙarin albashi ya ga murnar ta gushe cikin wata biyu ya san akwai gaskiya a ciki.

Cutar albashi ita ce aikin ganin ido, kuma tana kama gwani ne ta hanyar kwatance. Mutum ba ya auna albashinsa shi kaɗai, da na wanda ke gefensa yake aunawa. In ya ga yana fitar da ninkin aikin ɗan'uwan maigida, amma ambulan ɗaya suke karɓa, ba zai yi faɗa ba, zai rage gudu ne har su daidaita. Maganinsa matakai ne bayyanannu: ɗan koyo, mai hannu, gwani, shugaban sashe, kowanne da albashinsa da abin da ake bukata kafin a hau shi, a rubuce, kowa ya gani. A kuma riƙa zama da kowane ma'aikaci ko da minti goma sha biyar ne a wata, a gaya masa takamaiman abin da ya yi daidai da wanda zai gyara. Yabo a gaban jama'a, gyara a keɓe.

Kuma albashin da ba ya zuwa a ranarsa ya rasa duk fa'idarsa, tunda tabbas ake saya da shi. Hadisi ya ce a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda ke jan albashi mako biyu ba shi da bakin tambayar me ya sa kuɗin aljihun tebur ba sa cika.

Yadda za a zaɓa

Ka ɗauki kowane aiki shi kaɗai, ba kamfanin gaba ɗaya ba, ka yi masa tambayoyi uku. Ana iya ƙirga abin da mutum ɗaya ya fitar ba tare da gardama ba? In aibi ya bayyana, ana gane shi da wuri a kuma san hannun da ya yi shi? Yawan aikin a hannun ma'aikaci yake, ko yana jiran wuta da kaya da kwastoma? In amsoshin uku duk e ne, jinga ta dace: buga bulo, ƙulla ruwan leda, lodi, ɗinki marar ado. In ta farko ce kawai e, jinga za ta ci ingancin kayanka. Mai gadi, da akawu, da mai ajiyar sito, da malamin aji, da ma'aikaciyar jinya, albashi ne nasu, domin kyawun aikinsu sau da yawa shi ne abin da bai faru ba: ba a yi sata ba, lissafi bai ɓace ba. Malamin da aka ɗaura biyansa da yawan waɗanda suka ci jarrabawa an buɗe masa ƙofar satar amsa. Inda aiki na taron hannu ne, kamar gidan burodi da mai kwaɓi da mai yanka da mai gashi ke jiran juna, lada na rukuni ya fi, muddin rukunin ƙarami ne, mutum biyar zuwa takwas, yadda kowa ke ganin kowa. Da ya yi girma sai a samu masu laɓewa a bayan wasu.

Ga yawancin masu sana'a, haɗin biyu ne ya fi zama lafiya: tushe tsayayye da ƙari a kan abin da ya haura wani adadi. Misali, a ƙaddara matsakaicin tela na ɗinka kaya uku a yini, kwana 26, wato 78 a wata, kuma albashinsa 100,000. Sai a sa tushe 70,000 wanda ya ƙunshi kaya 50 na farko, kowane ɗaya bayan haka 1,100. Matsakaicin zai tashi da 100,800, bai yi asara ba. Mai ɗinka huɗu a yini, 104 a wata, zai samu 129,400, kai kuma kowane kaya ya tsaya maka a kusan 1,244 maimakon 1,292. A watan da kasuwa ta mutu aka ɗinka 40 kawai, zai karɓi 70,000, kowane kaya ya tsaya maka a 1,750. Wannan tsadar ita ce kuɗin riƙe gwani har kakar aiki ta dawo, kuma daga ribar watan Sallah ya kamata a ware ta.

Wajen sauyawa, kada a fara da sanarwa. A fara da ƙidaya ta mako shida zuwa takwas ana biya yadda aka saba, a haɗa da lokacin cunkoso da na zaman banza, don adadin da za a kafa ya fito daga littafi ba daga buri ba. A ba aiki mai wuya maki fiye da mai sauƙi, misali babbar riga ta tsaya a matsayin kaya uku, in ba haka ba kowa zai guje ta. A sa alamar mai ɗinki a cikin kowane kaya. Abin da aka ƙirga shi ne wanda ya wuce dubawa, kuma mai dubawar albashi zalla zai ci, kada a haɗa samunsa da yawan abin da ya wuce. Wanda aka ba ɗan koyo a yanka masa wani abu a kai. A wata na farko a lissafa wa kowa ta tsohuwar hanya da sabuwa, a biya shi wadda ta fi yawa. A kuma yi alkawari a rubuce cewa farashi ba zai sauka ba sai in an kawo sabon inji ko an canza hanyar aiki.

Ta fuskar doka a Nijeriya, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, daga 30,000 na 2019, kodayake dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho ko jinga. Dokar ƙwadago ta wajabta bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma ba ta yarda maigida ya riƙa cin ma'aikaci tara daga albashinsa yadda ya ga dama ba. Don haka hukuncin aikin da ya dawo a gina shi a cikin ƙarin: kayan da aka maido ba ya shiga ƙidaya sai an gyara, tushen albashi kuwa ba a taɓa shi.